Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Na Kafa Rundunar Jamus a Kan Teburi

A makon jiya na tsaya ne a daren da na fara shiga zauren masu wasan yaƙi a birnin Nottingham na Ingila, inda na tarar da dattawa da matasa sun kewaye wani teburi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, suna tura ƙananan sojojin wasa ta tsakanin gidaje da shingaye, suna auna tazara da tef, ƙwayar lido kuma tana yanke hukuncin kowane harbi. Na yi mako uku ina ɗan kallo kafin wani dattijo, tsohon malamin tarihi, ya shaida mini cewa kusan kowa a zauren rundunar Birtaniya ko ta Amurka gare shi, don haka suna neman wanda zai riƙe ɓangaren Jamus. Daga bakinsa na fara jin cewa wasan kansa yana da tushe a can, domin a 1824 ne wani hafsan Furushiya, tsohuwar masarauta a Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan da ake kira Kriegsspiel don horar da hafsoshi a kan taswira.

Da kuɗin da na tara daga aikin ƙarshen mako na sayi kwali guda na kamfanin Warlord Games, mai ɗauke da sojojin ƙasa 30 na roba, masu tsayin milimita 28. Ba a haɗe suke zuwa ba: gangar jiki daban, hannuwa daban, kai daban, sai mutum ya yanko kowanne, ya kankare, ya manna da gam. Tun a nan karatu ya kama ni, saboda ba a raba makamai yadda aka ga dama. A shekarun farko na Yaƙin Duniya na Biyu ƙaramin rukunin sojan Jamus mutum 10 ne, kuma an gina shi ne a kan bindiga mai jigida guda ɗaya, MG34, daga baya MG42, yayin da mafi yawan sauran ke riƙe da doguwar bindiga Kar98k suna kuma ɗaukar mata harsashi. Na zaɓi faɗan Normandi, a arewacin Faransa, na 1944, lokacin da rukunin ya ragu zuwa mutum 9.

Fenti ne ya fi cin lokacina. Shafen farko na fesa shi a tsakar gida cikin sanyi da laimar watan Nuwamba, sai ya bushe da kaushi kamar an barbaɗa yashi, dole na jiƙa sojoji 12 na goge su da buroshin haƙori na sake sabon lale. Bayan haka na shiga neman launin kakin da Jamusawa ke kira Feldgrau, wato ruwan toka mai sirkin kore. Na haɗa kala fiye da goma a kan farantin tangaran, ina gwadawa da hotunan kayan da ke gidajen tarihi, kuma kowane hoto da irin nasa launin. Dattijon nan ne ya warware mini: kakin farkon yaƙi ya fi kore, amma da ulu ya yi ƙaranci aka riƙa gauraya shi da zaren roba da tsofaffin tsummoki, sai na ƙarshen yaƙi ya koma toka-toka mai ruwan ƙasa. Wannan bayani ya sa na daina neman launi ɗaya, na bar kowane soja da ɗan bambancinsa, kuma a ganina rundunar ta fi kama da gaskiya a haka. Motar sulke guda da na ƙara kuwa na shafa mata rawaya mai duhu, wanda aka umarci a koma masa a watan Fabrairu na 1943, na bi ta da zanen kore da ja mai ruwan ƙasa.

Wata Juma'a na nuna wa Inna su ta wayar bidiyo. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ba dai gumaka ka koma ƙerawa a ƙasar Turawa ba?" Na ce, "Inna, kayan nazarin tarihi ne, kuma ba a sa ko sisi a wasan." Ban ɗauki maganarta da wasa ba, tun ranar ba na jera su a ɗaki, cikin akwati suke kwana.

Abin da ya fi wannan nauyi a zuciyata shi ne su wane ne nake zanawa. Tun farko na ƙudurta ba zan yi rundunar SS ba, wato dakarun jam'iyyar Nazi ta Hitler, kuma ba zan zana alamar 'yan Nazi a kan komai ba, alamar da doka ta hana nuna ta a bainar jama'a a Jamus ta yau. Sai dai karatu ya nuna mini cewa sojojin gama-gari ma hannunsu ba wankakke ba ne. A watan Yuni na 1940, a garin Chasselay kusa da Lyon a Faransa, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da ke yaƙi a ƙarƙashin Faransa daga cikin fursunoni, suka hallaka su. Daren da na karanta haka na rufe kwalaben fentina, kuma na yi kwana tara ban taɓa buroshi ba. Da na koma zauren na faɗa wa dattijon, sai na ga bai taɓa jin sunan garin ba, duk da shekarun da ya yi yana koyarwa. Ya ɗauko biro ya rubuta, ya kuma roƙe ni in ba sauran labarin kafin a fara wasa.

Na ba su labarin a tsaye, suna saurare, sannan na buɗe akwatina na jera sojoji 30 da mota ɗaya a bayan shingen da ke gefen hagu na teburin. Yadda karawar farko ta kaya da rundunar dattijon, sai a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.