Abin da cinikin zoɓo da Amurkawa ya koya mini

Shekara uku na yi ina rubuta wasiƙun wani kamfanin fitar da amfanin gona a Kano. A Dawanau muke saye, mu tura ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Ranar da muka fara magana ta bidiyo da wata mai saye daga Amurka, na ɗauko gaisuwa irin tamu: ina gajiya, ya iyali, ya sanyi. Ta amsa da fara'a, ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai, kafin minti biyu ta shiga tambayar yawan danshin da ke jikin zoɓon. Abin ya zo mini banbaraƙwai. Ashe ba raini ba ne, minti talatin ta ware mana, a kansu kuma ta tashi.

Alhaji, maigidana, ɗan kasuwa ne na gado. Ya saba ya faɗi kuɗi sama, a taya, ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Ita ko tayawa ba ta yi ba. Bayan kwana biyu ta aiko da layi ɗaya cewa farashin ya fi ƙarfinsu. Sai da muka warware mata shi dalla-dalla, kuɗin saye, na tsinta, na buhu, na mota, sannan ta dawo. Suna ciniki, amma kowace dala sai ka faɗi dalilinta.

Akwai ƙananan tarkuna. Tan ɗinsu na gida kilo 907 ne, ba 1,000 ba. Wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 04/05 a wurinsu 5 ga Afrilu ne, ni kuwa 4 ga Mayu nake karantawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na jinkiri. Motarmu ta lalace a hanya, jirgi ya tashi babu kwantenarmu. Kunya ta hana ni faɗa. Kullum ta tambaya sai in ce babu matsala, ina fatan Allah ya kawo mafita kafin ta farga. Da gaskiya ta fito ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi da na gaya mata tun ranar farko, da ta sake tsarin masana'antar da ke jiran kayan, ta kuma gyara bayanan da ake bai wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, kafin kayan abinci su shiga ƙasar. Lalacewar mota ta yafe, shirun nan ne ta kasa yafewa. Odar gaba rabi ta ba mu.

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ni a ganina kara nake yi mata, ba na son ɗaga mata hankali. Yanzu duk ranar da aka samu tangarɗa, a ranar nake rubuta mata, da sabuwar ranar isowa, sunan watan a rubuce da haruffa. Ƙarfe uku na rana nake aikawa daga Kano, lokacin tana shiga ofis.