Lissafin bulo da baka biyu

Gidan bulo nake da shi a kan hanyar Dutsin-ma a nan Katsina. Muna buga mai inci 9 da mai inci 6. Wanda ya kalle mu daga titi zai ɗauka aikin duka siminti ne da yashi da ƙarar inji, amma rabin wahalar tana kan teburin da ake yi wa mai saye lissafi.

Duk yaron da na ɗauka aikin rasit, kafin ya taɓa littafi sai na ajiye masa kalkuleta irin ta kanti, mai manyan maɓallai, da kuma wayarsa. In ce: a ƙaddara bulo ɗaya naira 600 ne, kuɗin lodi da kaiwa naira 50 kan kowane bulo, mutum yana son guda 400. Danna 600 + 50 × 400 a kowacce. Ta kanti za ta ba shi 260,000, waya kuwa 20,600. Nan za ka ga ido ya raina fata.

Babu wadda ta lalace. Ta kanti tana bin abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya. Waya tana bin ƙa'idar da aka koya mana a makaranta da sunan BODMAS: abin da ke cikin baka biyu, wato alamar ( ), shi ake fara yi, sannan ninkawa da rabawa, tarawa da ɗebewa su zo a ƙarshe. Sai ka rubuta mata (600 + 50) × 400 kafin ta gane nufinka. Ita ma ta kanti tana da nata tarkon. Ka haɗa mata bulo iri biyu, 400 × 600 + 200 × 450, maimakon 330,000 sai ta tashi da sama da miliyan 108, in ba ka san amfani da maɓallin M+ mai ajiye lamba a gefe ba.

Irin wannan kuskure bai cika damuna ba, don ko makaho ya san bulo 600 ba su kai miliyan ɗari ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai kama da gaskiya.

Ga misali. Mutum ya zo zai zagaye fuloti mai ƙafa 50 da 100. Kewayen katanga 2 × (50 + 100) ne, ƙafa 300 ke nan. A cire ƙafa 12 na get. Tsawon bulo inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi. Daidai shi ne (300 − 12) ÷ 1.5, ya ba ka bulo 192 a kowane layi. In aka mance baka, waya za ta fara raba 12 da 1.5, ta cire 8 daga 300, ta ce 292. Lambar ba ta da muni a ido, ba wanda zai yi tsaki. Amma in katangar layi 10 ce, an ɗora wa bawan Allah bulo 1,000 da ba ya bukata. Ranar da birkila ya gama aiki ya bar tulin bulo a fili, sunan gidanka ne zai zagaya unguwa.

Akwai kuma inda baka take zama ciniki kanta. Alhaji ya ce, "Malam, a yi mini ragin kashi 5 cikin 100." Kayansa 330,000, kuɗin mota 20,000. Shi a ransa ragin ya hau kan duka, ya biya 332,500. Ni kuwa kan bulo kaɗai nake ragi, don direba ba ya rage ko kwabo, sai ya zama 333,500. Naira 1,000 ce tsakani, amma na ga tsofaffin abokan ciniki sun ɓata a kan abin da bai kai haka ba. Shi ya sa rasit ɗinmu yake da layi daban na bulo, na lodi, na mota, kuma kafin a buga hatimi sai yaron ya karanta wa mai saye da baki abin da ragin ya shafa da wanda bai shafa ba.