Sati na tara da kiriftik: ruwa, iska da hunturu

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Yau sati tara kenan cif da na fara zama da wannan wasan cike gidaje na Turawan Ingila da suke kira cryptic crossword, ni dai kiriftik nake ce masa, kuma satin nan gaba ɗaya akan tambayoyin yanayi na ƙare, ruwan sama, iska, hazo, fari da sauransu. A shagon kwamfuta na bakin layinmu nake buga takardar, gida 15 tsaye 15 kwance kamar gidajen dara, sai in zauna da fensir bayan isha'i. Fensir fa, ba biro ba, don sharewa ta fi rubutawa yawa har yanzu.

Wanda bai jima da farawa ba bari in sake maimaita abin da ya ɗauke ni sati uku kafin ya zauna min a kai. Kowace tambaya kashi biyu ce. Akwai ma'anar amsar kai tsaye, kuma kusan kullum ko a farkon jimlar take ko a ƙarshe, sauran kalmomin kuma dabara ce ta yadda zaka gina amsar harafi bayan harafi. Lambar da ke ƙarshe yawan haruffa ne. Jimlar da idonka yake karantawa ado ce kawai, an yi ta ne don hankalinka ya tafi wani wuri.

Toh ga wadda ta fi tsaya min a rai satin nan:

Twister's rent trouble (7)

Wallahi kwana biyu ina kallonta. Ina ganin rent sai kuɗin haya ya faɗo min, mai gida, ƙarshen shekara, an kawo takardar tashi, duk na bi wannan hanyar ina neman kalma mai harafi 7 ta rigimar haya. Ashe rent ɗin nan ba haya bane, tsohuwar kalma ce mai nufin abin da ya yage, wato TORN. Trouble kuma ADO, hayaniya. Ka haɗa su ka samu TORNADO, guguwa mai juyawa, shine twister ɗin da ke zaune a farkon jimlar tun ɗazu yana jirana. Ina cikin adaidaita a hanyar kasuwa abin ya buɗe min, babu takarda a hannuna, sai a bayan rasit na rubuta don kar in manta kafin in isa gida. Daɗin da naji a lokacin ban san da me zan kwatanta shi ba.

Daga nan ne na gane wani abu game da kalmomin yanayi musamman. Sau da yawa idan kaga stormy ko windy ko blown a cikin tambaya ba maganar yanayi ake ba sam, umarni ne ake baka cewa ka hargitsa haruffan kalmar da ke kusa, kamar iska ta shiga ta watsa su. Wani lokacin kuma akasin haka, amsar ce yanayi, mai hargitsawar kuma wata kalma ce daban. Misali Wintry shower bent steel (5), bent shine umarnin, ka lanƙwasa STEEL ya koma SLEET. Ita sleet ɗin sai da na buɗe ƙamus, ruwa ne haɗe da ƙanƙara mai narkewa da ke sauka musu a lokacin sanyi, abin da ban taɓa gani da idona ba. Yanzu idan ina zargin hargitsi ne sai in rubuta haruffan a zagaye a gefen takarda, ba a jere ba, ido yafi saurin ganin sabuwar kalma a haka, ku gwada.

Masu sauƙin da na samu ba sai na daɗe a kansu ba. Haze in chemistry (4) amsar tana kwance a cikin kalmar, che-MIST-ry, kalmar "in" ta Turanci ce ke nuna a ciki take. Greet frozen rain (4) ma'ana biyu ce a jere, HAIL gaisuwa ce kuma ƙanƙara ce. Idan kuma kaga we hear ko on the radio to sauti ake nufi, kamar reign na mulki da RAIN na ruwa, furuci ɗaya rubutu daban. Wannan na sautin yana bani wahala gaskiya, don furucin Landan ake bi ba irin Turancin da muka tashi da shi a makaranta ba.

Inda nake shan wuya sosai shine gajerun haruffa da suka ɗauka kowa ya sani. Cold and noisy, it may bring rain (5). Noisy dai LOUD ne, na samu wannan da wuri, amma me ya kawo cold? Ashe C ne kawai, saboda a kan famfunan gidajensu ana rubuta C a na ruwan sanyi, H a na ruwan zafi. C da LOUD, CLOUD, gajimare. Mu da famfo ɗaya ne a tsakar gida idan ma ya kawo ruwa, ta ina zamu san wannan in ba an faɗa mana ba? Shi yasa na ware shafi biyu a bayan littafina ina tara su: doctor DR ko MO ko GP, kusurwoyi huɗu N S E W, sailor AB ko TAR, sun S. Da wannan shafin na warware Doctor should create dry spell (7) cikin minti ɗaya, DR da OUGHT (wato should), DROUGHT, fari. Ku buɗe irin wannan shafin dan Allah, kar ku dogara da ƙwaƙwalwa. Akwai ma sunayen yankunan teku da gidan rediyon BBC ke karantowa a hasashen yanayi na masu jiragen ruwa, irin su Dogger da Fisher da Lundy da Fastnet, su ma suna shigowa, Bature ya tashi yana jinsu a rediyo, mu kuma sai mun haddace.

Wata dabara kuma da ta burge ni, shower ba dole ya zama yayyafi ba, yana iya zama mai nunawa, wanda yake show. Haka flower yana iya zama kogi, abin da ke flow, ba fure ba. Farkon da na gane wannan naji kamar an zalunce ni, amma da na sake dubawa babu ƙarya a ciki ko ɗaya, kalmar ta faɗi abin da take nufi, ni ne na karanta ta yadda na saba. Wannan adalcin shine ya riƙe ni a wasan. Shi wasan cike gidajen a Amurka aka fara buga shi a 1913, wani Arthur Wynne haifaffen Liverpool ya ƙirƙira, amma a Ingila ne aka murɗa shi ya zama kiriftik, Edward Powys Mathers mai laƙabin Torquemada ya fara nasa a jaridar Observer a 1926, jaridar Times ta shigo a 1930. Wanda ya gaji Torquemada, Derrick Macnutt mai laƙabin Ximenes, shi aka fi sani da kafa ƙa'idar cewa mai tambaya zai iya ɓatar da kai amma dole kowace kalma ta yi aiki, ba a cusa wadda bata da amfani. Tunda na san haka, duk kalmar da ta rage min ban san aikinta ba nasan ban gama ba ko da amsar ta shiga gidajen daidai.

Yanzu ga abin da yasa na ƙagu in rubuto muku. Daren Laraba hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage, ina zaune da rigar sanyi nace to ni ma bari in gwada haɗa tawa da iskar da ke kaɗa ni a yanzu, HARMATTAN, harafi 9. Na jima ina yanka ta. HARM na fito, rauni ko cutarwa. Sai A. Sai TT, wanda a shafina na gajerun haruffa yake nufin wanda baya shan giya kwata kwata. Sai AN. Ga abin da ya fito:

Hurt a non-drinker with an African wind (9)

HARM, A, TT, AN. Babu harafi ɗaya da ya rage. Ita ce tambayar farko da na haɗa da kaina wadda nake ganin ta tsaya da ƙafarta, kuma haɗa ta ya koya min fiye da warware goma, don sai da na zauna a kujerar mai tambaya naga yadda yake ɓoye ɗinkin.

Daga nan sai zuciyata tace to me zai hana da Hausa? Mu ma ai muna da kacici-kacici tun muna yara a dandali, kuma rubutunmu da ba a saka alamar karin sauti ya cika da kalmomi masu fuska biyu. Ga guda uku da na gwada a kan ƙanwata:

Uwar uwa bayan damina (4)
Garin Katsina da ke faɗowa daga sama (7)
Juyowa daga Madina lokacin shuka (6)

Ta farko KAKA ce, ta gane nan take. Ta biyu ƘANƘARA, garin da ke jihar Katsina da kuma wadda ke zubowa da ruwa. Ta ukun ce ta tsayar da ita har ta ajiye wayarta, ka juya haruffan MADINA su baka DAMINA, ni kaina da na gano haka sai da na ƙirga haruffan sau uku. FARI ma tana jira, launi ne, rashin ruwa ne, kuma jam'in fara ne, ma'ana uku a harafi huɗu.

Matsalar da na ci karo da ita ita ce gidaje. TSAWA gida 5 zata ci ko 4, tunda ts harafi ɗaya ne a wurinmu? Haka sh. Sannan hadari na sama da haɗari na hanya, idan d da ɗ suka haɗu a gida ɗaya tsakanin ta tsaye da ta kwance, za a yarda ko ba za a yarda ba? Ni ra'ayina a raba su, ɗ daban d daban, ts kuma ta ci gida biyu don sauƙin ƙirga, amma ina so inji naku.

Lissafin satin nan: ƙananan kiriftik na masu koyo guda huɗu na zauna dasu, biyu na gama ba tare da leƙa amsa ba, ɗaya saura tambaya uku, ɗayar kuma rabi na tsaya. Babba ta cikakken gida har yanzu ban wuce amsa goma sha ɗaya ba. Sati mai zuwa zan zauna akan masu sauti ne tunda nan na fi rauni, in Allah ya yarda. Kafin nan ga ɗaya ku kwana da ita, kar wanda ya gane ya faɗa da wuri: Monday shortly brings rainy season (7).