Numfashin tsohuwar ogan ɗinmu

Makonni uku ke nan muna sujada a ikilisiyarmu da ke Jos ba tare da muryar tsohuwar ogan mai bututu ba, kuma ban san ta shiga raina haka ba sai da ta yi shiru. Hunturun bana ne ya kwantar da ita. Garin nan yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu busasshiyar iska takan tsotse danshin katako da fata, har zugazugin da ke tara mata iska ya tsage. Ranar da mai gyara ya buɗe cikinta na leƙa, na ga fatar ta yi kaushi kamar tsohon takalmi, ƙura kuma ta toshe bakin ƙananan bututun da ba su wuce tsawon yatsa ba, alhali bututu mafi girma ya kai ƙafa 8. Ya dube ni ya ce, "Baba, ba ta mutu ba, numfashi ne ya ƙare mata."

Dattawan ikilisiya sun rabu biyu. Wasu suna ganin kuɗin gyaran ya isa a sayi kibod mai kyau har a sami canji, kuma ba na raina hujjarsu a wannan zamani na tsadar rayuwa. Abin da yake damuna shi ne muryoyi huɗun nan na rera waƙar sujada da muka gada. Tun bayan da 'yan mishan na SUM (Sudan United Mission) suka iso garin Wase a 1904, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, waƙoƙin sujada da aka mayar Hausa sun zo da tsarin da kowace murya take da hanyarta, kuma mai kaɗa ogan yakan bi dukansu, hannuwa a sama, ƙafafu a kan manyan matakai na ƙasa. Mahaifina bai taɓa koyon karatun alamomin kiɗa ba. A kusa da manyan bututun yake zama, bencin yana rawa a ƙarƙashinsa, a nan ya ɗauki babbar murya har ya koya mini.

Zumuntar Mata sun riƙe mu da tulu da gora a waɗannan makonni, sujada kuwa ba ta yi sanyi ba ko kaɗan. Amma ranar Lahadin da ta wuce, da aka ɗauki waƙar rufewa babu kiɗa, na kasa kunne ina neman babbar murya a ɓangaren maza, sai na ji tsofaffi biyu kaɗai suna riƙe da ita, matasa duka sun bi muryar mata.