Lambun Millennium, Inuwar Kowa a Tsakiyar Abuja

A unguwar Maitama, inda kuɗin fuloti ya fi ƙarfin aljihun yawancin 'yan Najeriya, akwai fili mai faɗin kimanin hekta 32 da aka keɓe wa jama'a baki ɗaya. Shi ne Lambun Millennium, wurin shaƙatawa mafi girma a babban birnin tarayya, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin da shugabannin ƙasashe renon Ingila suka hallara a Abuja, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo.

Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara wurin, kuma abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne yadda ya mutunta ƙasar da ya tarar. Rafi ne ya ratsa filin ya raba shi gida biyu. An bar tsallake ɗaya da itatuwansa da ciyayinsa kusan yadda Allah ya halicce su, ɗayan kuwa, inda babbar ƙofa take, an shimfiɗa shi bisa tsarin lambunan Italiya. Daga ƙofar nan miƙaƙƙiyar hanya ta tashi, an daɓe ta da farin dutse, maɓuɓɓugan ruwa suna jere a tsawonta, har ta dangana da wani ƙaton rimi wanda ya yi saiti da Dutsen Aso. Duk wanda ya san matsayin rimi a tsofaffin garuruwanmu zai gane cewa ba ƙaramar hikima ba ce a ja hankalin mai shigowa zuwa ga itacen da ya girmi birnin kansa.

Ranakun Asabar da Lahadi, musamman ma lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti, wurin kan cika maƙil. Iyalai kan shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, yara na guje-guje, masu ɗaukar hoto kuma na gyara wa ango da amarya tsayuwa a gefen ruwa. A nan ne ma'aikacin da ya taso daga Nyanya ko Kubwa yake zama a inuwa ɗaya da mazaunin Asokoro.

Damuwata ita ce kulawa, domin ciyawa tana buƙatar ban ruwa duk tsawon rani, famfunan maɓuɓɓugan kuma suna buƙatar gyara a kai a kai, ga shi kullum mutanen da suka dogara da lambun sai ƙaruwa suke yi.