Yadda muke bin diddigin kuɗin jinya a gidajen Kaduna

A Najeriya, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Aikinmu shi ne gano inda kuɗin nan ke tafiya, da wanda tsada ke hanawa zuwa asibiti kwata-kwata.

Rajistar asibiti ba ta wadatar da mu, domin wanda ya zo kaɗai ta sani. Matar da ta tsaya a kemis ta sayi rabin magani ba ta ciki. Shi ya sa muke shiga gidaje. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, sai mu fitar da wasu ta hanyar ƙuri'a, a haɗa na cikin gari irin Rigasa da na karkara a Giwa ko Lere. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike muke fara nema, sannan gaisuwa wurin hakimi da mai unguwa. Mata ne ke shiga cikin gida, don uwargida ce ta san ranar da zazzaɓin yaro ya fara.

Tambayar "nawa kuka kashe?" ba ta haifar da komai sai kintace. Rarraba ta muke yi: kuɗin kati, gwajin jini, maganin da aka samu a asibiti, wanda aka rubuta aka sayo a waje, ƙarin ruwa, kuɗin keke zuwa da dawowa, abincin mai jinya, da kwanakin da maigida bai fita nema ba. Ciwon da ba a kwanta ba, makonni huɗu baya muke tambaya. Kwanciya kuwa wata 12, tunda ba a saurin manta ta. Daga nan sai tambayar da na fi ba muhimmanci: "Baba, ina aka samo kuɗin?" A nan ake jin adashi, bashi, da akuyar da aka kai kasuwa.

Wani ma'auni da aka saba amfani da shi a duniya shi ne, jinyar da ta ci fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa ta zama mai karya gida. A karkara dole a yi wa masarar rumbu kuɗi da farashin kasuwa, in ba haka ba lissafin manomi ya karkace. Lokaci ma na da tasiri: da damina zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, hatsi kuma ya ƙare, don haka binciken rani kaɗai yakan rage nauyin matsalar.

Jihar ta kafa hukumarta ta inshorar lafiya, KADCHMA, a 2018, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Amma ƙirga masu katin inshora bai isa ba. Mukan tambayi mai kati ko an ba shi magani a zuwansa na ƙarshe, sannan mu shiga ɗakin ajiyar magani na asibitin mu gani da ido: maganin zazzaɓi, amoxicillin, ORS da zinc na gudawa, da oxytocin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ko tana cikin firji mai aiki.

Rahoton da za a kai ma'aikatar lafiya kada ya wuce shafi biyu, da naira da sunan mazaɓa, kuma ya isa kafin a rufe shirin kasafin kuɗi. Kwafi ɗaya da Hausa mukan mayar wa kwamitin raya mazaɓa, domin su ne ke zama da shugaban asibitin unguwarsu.