Ƙwarƙwata ta hana ni sa rilaksa kafin biki

Saura sati uku bikin ƙanwata na je salun a sa min rilaksa, don wata biyar rabon da in taɓa kaina, tushen gashin ya yi tauri har mataji ba ya shiga. Mai salun ɗin tana tsaga gashin ta bayan kunne sai ta yi shiru, can ta sunkuyo ta ce a hankali, "Anti, kina da baƙi a kanki fa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe susar da nake ta yi ina cewa amosani ne, ƙwarƙwata ce na kwaso wurin 'yata da ta dawo hutu daga makarantar kwana, filo ɗaya muke kwana, kuma ita aba ba ta tashi ba ta tsalle, kai ya haɗu da kai ne ta rarrafo.

Na ce to ai shi ke nan, a sa rilaksar ta ƙone su mu huta. Ta ce ita dai ba da hannunta ba. A lokacin na ji haushi amma gaskiyarta ce, yawancin rilaksa sinadarin sodium hydroxide mai ƙona fata ne a ciki ko ɗan'uwansa, shi ya sa ko lafiyarki ƙalau ake cewa kar ki sosa kai kwana biyu kafin ki sa, balle ni da na yi sati ina kartar fatar da farce duk ta yi miki. Kuma ƙwan a manne yake da gashi kamar an sa gam, ba abin da za a dogara da rilaksa ba ne.

Da na dawo gida masu shawara suka taso. Wata ta ce kalanzir, wata ta ce ɗan fiya-fiya a cikin man kitso. Don Allah kar wanda ya gwada, guba ce kuma tana bin fata ta shiga jiki, a 2019 an ba da labarin wata 'yar bautar ƙasa a Osun da ta rasu bayan ta sa maganin ƙwari Sniper a gashinta saboda ƙwarƙwata.

Kemis na je aka ba ni maganin ƙwarƙwata mai sinadarin permethrin kashi 1 cikin ɗari. A wanke kai ba kwandishana, a tsane, a shafa, minti 10 a ɗauraye. Inda mutane ke faɗuwa shi ne zagaye na biyu, ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana 8 zuwa 9 kuma maganin ba ya kashe shi duka, dole a maimaita a kwana na 9. Tsakanin nan kullum da yamma ni da yarinyar muna zaune a tsakar gida da mataji mai ƙananan haƙora, mu tsaga layi-layi, aikin gajiya ne ba kaɗan ba a gashi irin namu. Ɗankwalaye, huluna da rigar filo duk ruwan zafi suka sha.

Mun rabu da su, amma fatar ba ta gama warkewa ba, sai na haƙura na yi shuku ranar kamu na shafa man kaɗanya. Rilaksar sai bayan biki da sati biyu. Kuma kwana uku ana hidima kaina a ɗaure, ko mutum ɗaya bai ga gashin ba.